Ƙaiƙayin ɗiyata da abin da muka koya wajen likitar fata

Ɗiyata tana da ezima, irin wadda yaro ke tasowa da ita tun yana goye, kuma ina ganin mata da yawa anan Katsina suna ta yawo da yaransu daga kemis zuwa mai maganin gargajiya akan wannan larurar, shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda muka bi har muka samu sauƙi, ko Allah zai sa wata ta huta.

Ita tata a kumatu ta fara tun bata iya zama ba, fatar ta bushe tayi kaushi tana ɗan tsattsafo da ruwa. Da ta fara tafiya sai abin ya sauka ya koma lanƙwasar hannu, bayan gwiwa, wuya da wuyan hannu, wajen yayi baƙi yayi kauri, ga wasu ƙananan ƙuraje a ciki da baya kamar tsikar jiki ta tashi bata kwanta ba. Amma duk wannan mai sauƙi ne akan ƙaiƙayin dare. Wallahi wanda bai kwana da yaro mai ezima ba bazai gane ba, tana barci tana susa, ki riƙe hannun ta goga da ƙafa, ki riƙe ƙafar ta goga wuya da filo, da safe ki ga jini a zanin gado, ita bata yi barci ba ke baki yi ba, babanta ma haka zai tafi kasuwa ido jajur.

Shawara kuwa mun sha ta. Wannan tace sanyi ne ta sha a nono, waccan tace zaƙi ne, wata tace a dafa ganyen bedi a dinga yi mata wanka, wata tace a dirje wajen da soso da sabulun salo har ɓawon ya fita. Hajiya, wato kakarta ta wajen uba, ta hana mata ƙwai da madara da gyaɗa da naman akuya, kuma da zuciya ɗaya tayi, tausayin jikarta ne. A kemis aka ba mu wani man shafawa irin mai haɗi ukun nan, ana shafawa abin ya kwanta kamar anyi ruwa an ɗauke, ana dainawa ya dawo da ƙarfin da yafi na da. Da na ga fuskarta ta fara haske daban da jikinta sai hankalina ya tashi, nace da babanta gaskiya asibiti zamu je. Likitan yara ya duba ta ya rubuta mana takarda zuwa wajen likitar fata.

Abin da ya fara burge ni da Dakta shine bata yi saurin ɗaukar biro ba. Tambayoyi ta dinga jero mani, yaushe ya fara, akwai mai asma a danginku ko na mijinki, akwai mai yawan atishawa da ƙaiƙayin ido in ƙura ta taso, akwai wani a gidan da shima yake susa da dare, da wane sabulu ake wanka, me da me aka taɓa shafa mata. Ta buɗe tsakanin yatsunta ta duba dan ta tabbatar ba ƙazuwa bace, tunda ita ƙazuwa ƙwaro ne kuma gida guda take kamawa. Nace mata ni kaina ina da asma tun ina ƴan mata, ta gyaɗa kai tace ai dangin juna ne, ezima da asma da wannan murar ta ƙura gida ɗaya suke bi. Ta kuma ce in cire kyasbi daga raina, dan mutanenmu kan kira kyasbi da sunan ezima alhali shi naman gwari ne ke kawo shi kuma maganinsu ba ɗaya ba, shi yasa zaki ga an ɗora ma yaro maganin kyasbi wata da watanni ba sauƙi.

Yadda tayi mani bayani shine, tace ki ɗauki fata kamar katangar ƙasa da yaɓenta, in yaɓen yana da kyau ruwa baya shiga, to ita ɗiyarki an haife ta da yaɓe mai rauni, laimar jikinta tana fita da sauri, sabulu da ƙura da gumi da ƙwayoyin cuta kuma suna samun hanyar shiga, sai garkuwar jikinta ta harzuƙa ta kawo kumburi da ƙaiƙayi, ta sosa, susar ta ƙara tsaga fatar, abin ya dinga zagayawa. Tace ba ƙazanta bace, ba a nono ta sha ba, kuma ba a ɗauka. A wasu ƙasashen yaro 1 cikin 5 yana da ita. Sannan ta faɗi maganar da tafi yi mani nauyi a ranar, tace babu maganin da za a sha sau ɗaya ta tafi har abada, lallaɓa ta ake, amma da yawan yara tana raguwa sosai in sun girma, kuma in an lallaɓa ta daidai yaro zai yi barcinshi yayi wasanshi kamar kowa.

Na fito mata da kwalin man kemis ɗin nan daga jaka, ta juya bayanshi ta nuna mani rubutu, kulobetasol kashi 0.05, tace wannan sitiroyid ne, wato maganin kwantar da kumburi, kuma yana cikin aji mafi ƙarfi da ake da shi, an gauraya shi da maganin naman gwari da na kashe ƙwayoyin cuta waɗanda yarinyar bata buƙata, kuma ba a sa irinshi a fuskar yaro. Shi ke sirantar da fata ya kawo nankarwa in an daɗe ana shafawa, kuma shi ne dai ake zubawa a haɗin bilicin. Ni kuma ina jin haka sai nace to Dakta kar ki ba mu sitiroyid kwata-kwata. Tace a'a, nan ne mutane ke ɓata, wasu suna labta mai ƙarfin ba ƙa'ida, wasu kuma tsoro ya hana su shafa wanda ya dace sai yaro yayi ta wahala a banza. Tun 1952 likitoci ke amfani da haidirokotizon a fata, an san shi ciki da waje, abin lura kawai shine wane ƙarfi, a wane waje, na kwana nawa. Ta rubuta haidirokotizon kashi 1 na fuska da wuya, da wani mai ɗan ƙarfi na hannu da ƙafa inda fatar tayi kauri, sau ɗaya a rana, sati ɗaya zuwa biyu, sannan mu dawo ta gani.

Awon ma sai da ta gwada mani a hannunta. Ki matso man daga kan ɗan yatsanki manuni zuwa gaɓar farko, wannan kusan rabin giram ne, kuma ya isa ya rufe wajen da ya kai faɗin tafin hannunki biyu har da yatsu. Ni da a zatona ɗan ɗigo ake dangwalawa a murje har ya ɓace, ashe ƙarancin shafawa ma yana cikin abin da ke sa a ce magani baya aiki. Kuma tace kar in tsaya jiran ganin ja, mu baƙar fatarmu bata nuna ja kamar ta Turawa da ake gani a hotunan intanet, tamu duhu take ƙarawa ko tayi toka-toka, dan haka da hannu zan dinga ji, in wajen yana da kaushi yana ƙaiƙayi to wutar bata mutu ba, sai yayi sumul sannan a tsaya.

Amma babban aikin ba sitiroyid bane, mai ne. Mai zalla, marar turare marar kala, a duk jiki ba inda ke ciwo kaɗai ba, kullum ko fatar tayi kyau ko bata yi ba. Da ta faɗi yawanshi sai da na sake tambaya ko ban ji daidai ba, tace ƙa'idar da likitocin Ingila ke bi giram 250 zuwa 500 ne a sati ga yaro mai ezima. Kinga kenan babbar robar basilin da muke ajewa tayi mana wata uku a gida, ita kaɗai zata shanye ta cikin sati ɗaya ko biyu. Na tambaye ta wane mai ne yafi, dan naga wasu na ƴan gayu a manyan shaguna da kuɗinsu zai yi cefanen sati. Tace an yi bincike a Ingila an fitar da shi a 2022, yara 550 aka raba gida huɗu, wasu loshan, wasu kirim, wasu mai yauƙi, wasu mai kauri irin basilin, aka bi su wata huɗu ba a ga wani ya fi wani ba. Tace wanda yafi shine wanda aljihunki zai iya saye ba yankewa kuma yarinya ta yarda a shafa mata. Wallahi wannan maganar ta sauke mani kaya, dan talaka ma zai iya.

Man kaɗanya tace ba laifi in mai kyau ne ba a zuba mashi turare ba, in gwada a ɗan waje in gani ko fatar ta karɓa. Man zaitun ne muka ɗan ja magana a kanshi, dan mu nan kowa ya san matsayinshi a wajenmu kuma shi Hajiya ta fi yarda da shi. Dakta tace ita ma tana cinshi a gidanta, ba albarkarshi take musu ba, amma an gwada shafa shi a fatar mutum 19 a garin Shafil na Ingila a 2013 aka ga yana ƙara raunana saman fata, man furen rana kuma bai yi haka ba. Dan haka a ci shi a abinci, amma kar a mai da shi man shafawar mai ezima. Haka na kai ma Hajiya maganar a hankali, kuma Allah ya saka mata bata ja ba.

Da muka dawo gida wanka ne farkon abin da ya canza. Na aje soso gaba ɗaya, abin da ban taɓa zaton zan iya ba, dan mu a wajenmu wankan da ba dirza ai ba wanka bane. Ruwa mai ɗumi-ɗumi ba mai zafi ba, minti 5 zuwa 10, sabulu mai laushi marar ƙamshi a hammata da matse-matsi da ƙafa kawai, an daina ɗiga ruwan maganin nan mai warin asibiti a bokiti. In ta fito bana goge ta, dannawa nake da tawul, jikin da sauran laima sai in labta man, daga sama zuwa ƙasa yadda gashi ya kwanta ba murzawa ba, kuma da cokali mai tsafta nake ɗebowa daga roba dan kar hannu ya kai datti ciki. Sai in bari kamar rabin awa sannan in sa man likita a inda ke ciwo. Da rana in ƙara mai, da la'asar in ƙara, kafin barci in ƙara. Akaifunta kullum a yanke. Kayanta na auduga, in an wanke a ɗauraye sosai omo ya fita, turaren wuta da humra kuwa na daina kai su ɗakin da take kwana, wannan kam ya mani wuya amma ya zan yi.

Cikin satin farko tayi barci har asuba bata farka ba, ni ce ma na dinga tashi ina duba ta.

Akwai gargaɗi ɗaya da nake so kowace uwa ta riƙe shi da kyau saboda yanayinmu. Man nan yana shiga cikin kaya da zanin gado da bargo, kuma kayan da suka sha mai wuta tana kama su nan take, wanki ma baya fitar da shi duka. Hukumar kula da magunguna ta Ingila ta fitar da gargaɗi akan haka a 2018 bayan an yi asarar rayuka, kuma tace duk wani man shafawa irin wannan ya shiga ciki, ba mai basilin kaɗai ba. To mu da hunturu ya shigo kowane gida akwai kaskon garwashi, yara sun zagaye murhu suna jin ɗumi, ga maganin sauro na kunnawa a gefen katifa, kuma a lokacin ne aka fi labta ma yaro mai. Tun da na ji wannan bata ƙara zama kusa da kasko ba, gara in ƙara mata riga.

Maganar abinci ita ce tafi daɗewa a gidanmu. Dakta ta tambaye ni, in ta ci ƙwai ko gyaɗa leɓenta yana kumbura ko jikinta yayi borin jini ko tayi amai ko numfashi ya sarƙe cikin awa ɗaya ko biyu? Nace ban taɓa gani ba. Tace to a mayar mata da abincinta, dan hana yaro mai tasowa ƙwai da madara da kifi ba dalili yana jawo rama da tsumburewa, kuma daɗewa ba a ci ba yana iya sa jiki ya zo ya ƙi abincin da gaske daga baya. Akwai yaran da abinci ke tada masu, bata musa ba, amma likita ne zai tantance ba zato ba. Babanta ne ya je ya samu Hajiya da wannan, yace Hajiya likita tace a gwada a gani, in ya tashi sai a daina. Aka gwada, bai tashi ba, yanzu Hajiyar ce da kanta ke dafa mata ƙwai in mun je gaisuwa.

Kar wata ta ɗauka daga nan shikenan. Da iskar hunturu ta kaɗa a Disamba abin ya dawo a bayan gwiwa da wuyan hannu, muka yi sati biyun magani ya kwanta, muka tsaya ya sake dawowa a daidai wajen. Na koma asibiti raina a jagule. Sai Dakta ta canza tsari, tace bayan ya kwanta in dinga shafa man likita kwana biyu a jere duk sati a wuraren da ya saba fitowa ko da fatar tana sumul, sauran kwana biyar mai kawai. Tace masana sun tattara bincike sama da 100 akan sitiroyid na shafawa a 2022, suka ga wannan dabarar tana rage dawowar ciwon daga kashi 58 zuwa kashi 25 cikin ɗari, kuma a nan ne aka ga shafa mai ƙarfin sau ɗaya a rana yana aiki daidai da shafa shi sau biyu. Na zaɓi Alhamis da Juma'a tunda ba Islamiyya, bana mantawa. Wannan tsarin shi ya fi komai yi mana amfani, kuma ina mamakin yadda ban taɓa jin wani ya faɗe shi ba kafin nan.

Bazara ma da tata fitinar, zafin Afrilu da Mayu in ya haɗu da rashin wuta gumi yana cin lanƙwasar hannu da ƙarƙashin hijabi, basilin kuma yayi mata nauyi ta dinga kukan zafi. Lokacin sai mu koma kirim mai sauƙi da rana, ta watsa ruwa ta sauya riga in tayi gumi, mai kaurin a bar shi sai dare.

Sau ɗaya wajen ya taɓa yin ruwa da ɓawo ruwan ɗorawa yana zafi, wannan ƙwayoyin cuta ne suka shiga, sai da aka haɗa mata da maganin sha. Dakta ta kuma ja kunnena akan wani wanda yafi shi haɗari, in naga ƙananan gyambuna masu girma ɗaya sun fito a tare kamar an huda fatar, suna zogi, ga zazzaɓi, to ranar zan kawo ta ko da dare ne, dan ƙwayar da ke kawo ƙurjin leɓe ce ta shiga kuma tana iya taɓa ido. Shi yasa duk mai ƙurjin zazzaɓi a baki bana bari ya sumbace ta ko da ƴar uwata ce. Piriton kuwa tace baya kashe ƙaiƙayin ezima, barci kawai yake sawa, ba abin ba yaro kullum bane. Allurar sitiroyid da ƙwayoyin da ake bayarwa a wasu kemis a ce na ƙaiƙayi ne tace in guje su, suna kwantar da shi na ɗan lokaci ya dawo da fushi, ga illa ga girman yaro da ƙashinshi.

Tabon shi ne abin da har yanzu yake damuna, dan mace ce kuma ta fara wayo. Inda ciwon ya zauna yayi baƙi, a kumatu kuma akwai ɗan fari-fari, har wata maƙwabciya ta kawo mani wani haɗi wai zai goge shi cikin kwana kaɗan. Na gode mata na aje. Dakta tace kumburin ne ke barin wannan sauyin launi a fata irin tamu, kuma in an hana ciwon tashi a hankali yake komawa, watanni yake ɗauka wani lokacin fiye, kuma gaskiya na wuyanta ya fara dishewa. A Islamiyya ma sai da naje na samu malamarsu, dan yara sun fara matsawa daga kusa da ita a tabarma. Nace Malama dan Allah ki gaya masu ba a ɗauka, kuma ki bar ta ta shafa manta in fatar ta bushe. Malama ta tara su tayi masu nasiha, ta kuma ce ɗan ƙanwarta ma haka yake fama, na kwatanta mata yadda zasu samu ganin likita.

Yanzu fatar idonta ce ke ɗan tashi, kuma nan ba a son daɗewa da sitiroyid saboda sirantar fatar wajen da kusancinta da ido. Dakta ta rubuta mana takrolimos kashi 0.03, wanda shi ba sitiroyid bane kuma ana ba yara daga shekara 2, tace zai ɗan yi raɗaɗi a kwanakin farko sannan ya daina. Yana da tsada kuma ba kowane kemis ke da shi ba, sai da babanta ya sa aka taho mana da shi daga Kano. Ga waɗanda tasu tafi ƙarfin shafe-shafe akwai magungunan sha da likita ke bi da gwajin jini, akwai kuma wata allura dufilumab da Amurka ta amince da ita a 2017, amma tace ɗiyata bata kai nan ba kuma da yardar Allah bazata kai ba. Mun fara takrolimos ɗin, raɗaɗin ya wuce, wata mai kamawa zamu koma ta duba idon ta kuma faɗa mana ko za a rage na Alhamis da Juma'a.